Albasa Ba Ta Jira

Kwana shida ke nan a Birnin Ƙonni.
Daga warin kayana nake ƙirgawa,
agogo ya daina faɗa mini abin da zai amfane ni.

Buhu ɗari uku da arba'in, 'yar Galmi, ja.
Nomau ya ƙirga su da bakinsa ran Talata,
ya bubbuga jikin motar da tafin hannu, ya ce:
"Arzika, albasa ba ta da haƙuri, sai kai ka yi."

Na yi.
Ranar farko sikeli ya ce ƙafar baya ta yi nauyi.
Muka sauke ashirin, muka maida su gaba,
kayan nan dai, nauyin nan dai,
sikeli ya yarda.
Rana ta biyu aka ce rezo ya tafi.
Ban san inda yake zuwa ba,
amma shi ba mai tambayarsa takarda.

Ta uku ya dawo, mai sa hannu ya tafi jana'iza.
Allah ya jiƙan mamaci.
Mu ma ga mu a sahu, liman kawai babu.

Ga ƙa'ida yadda na haddace ta kwance ƙarƙashin mota:
kada ka taɓa dalmar da aka ɗaure bakin tamfol,
kada ka saki hanyar da aka rubuta maka,
kada ka tashi sai ayari ya cika, mai rakiya ya hau gaba,
kuma ka isa kafin wa'adin takardar ya ƙare.
Kwana takwas suka ba ta.
Ita takardar tana tafiya, ni ne a tsaye.

Gabana ɗan Agadas ne da siminti,
yana shan shayi kamar wanda ya gaji filin,
siminti ba ya ruɓewa.
Bayana wani Bayarabe da tayoyi,
ya koyi "sannu da jira" har ya fi ni iya faɗa.

Anza, yaron motata, ya wanke gilashi sau huɗu.
Jiya na gan shi yana goge lambar baya da rigarsa,
wai ko duwan bai gane mu ba ne.

Kuluwa mai tuwo ta daina rubuta bashina.
Ta ce, "Duk buhun da ya fara hawaye, kawo shi nan."
Yanzu miyarta duk albasar Nomau ce,
layi gaba ɗaya na cin asararsa, suna santi.

Da la'asar wani tsoho ya zo da jaki,
buhu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu,
ya bi ta bayan gonar dawa, ya nufi Illela.
Ba wanda ya ɗaga kai.
Na dubi tayoyina goma sha takwas,
na dubi kofato huɗu.

Nomau ya kira. Na bar wayar ta gaji don kanta.
Tsahara ta kira, ta ce yarinyar ta fara tafiya,
taku uku daga turmi zuwa bakin ƙofa.
Na ce, to, ta riga ubanta.

Yau da asuba na hau sama duba igiya,
sai ga wani kore ya huda buhu ta gefen tamfol,
siriri, tsawon ɗan yatsa.
Albasa ta gaji da jiran hatimi,
ta ɗauka nan ne garinmu.

Na zare ta a hankali, ban taɓa dalma ba.
Na tona rami kusa da tayar gaba,
inda ruwan alwalarmu ke taruwa, na binne ta.
Ɗan Agadas ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

An ce gobe.
Jiya ma an ce gobe.
Anza, miƙo butar nan,
a ba ta ruwa kafin rana ta yi zafi.